Sandar Makokin Baba a Kan Gonata

Anti Mereoni,

Don Allah ki agaza mini, kaina ya kulle. Mahaifina ya rasu makon jiya, hawayena bai bushe ba ga wata ta taso.

Ni ɗaliba ce a jami'a a Suva, babban birninmu na Fiji, shekara ta uku ke nan ina bincike a ruwan ƙauyenmu. Gona ce a cikin teku: kifi a keji, kawa a kwanduna, ciyawar teku a jikin igiya, dairo kuma, wata dabbar teku mai kama da ƙatuwar tsutsa, yana kwance a ƙasa yana cinye kashin kifin. Kowa yana rayuwa da abin da wani ya zubar. Da na fara, dariya Baba ya yi ta yi mini, wai ya tsufa a kwalekwale bai taɓa ganin ana ba kifi abinci kamar jariri ba, boko dai ya gama lalata yara. Amma wa ya ɗaura mini igiyoyin? Shi. Daga baya ma kullum yana can, yana kiran kifayen jikokinsa tunda na ƙi yin aure.

Baba ne shugaban masuntanmu, kin kuma san al'ada. Bayan jana'iza dattawa suka fita suka kafa sandar tabu, wato ta haramci, da ganyen kwakwa, ba mai shiga wurin sai dare ɗari ya cika, a kama kifin cire makoki. Anti, duk faɗin ruwanmu sai suka kafa ta a kan gonata! Ba mugunta ba ce, sun ce nan ya fi so. Kawu Epeli, ɗaya daga cikin dattawan, da hawaye ya gaya mini, yana jiran in yi godiya. Na kuwa yi.

Yanzu ba mai ba kifin abinci. Da safe ina hango su daga gaɓa suna tasowa a lokacin da suka saba. Na taɓa wa yayana Sekonaia maganar, ya harare ni ya ce, "Likitar kifi, uban naki bai kai kifi daraja ba?" Malamina ya bugo ya yi gaisuwa, ya ce in awon kifin da nake yi ya yanke wata uku binciken ya tashi a banza. Ga matan da nake koya wa noman ciyawar, duk idonsu yana kaina.

In na shiga a ɓoye na ci mutuncin Baba, kuma duk wanda ya yi ciwon kai bana ni za a nuna. In na zauna, abin da muka yi tare ya mutu ina kallo. Allah ya sani na gaji da kuka. Yaya zan yi?

'Yar masunci, Vanua Levu

Amsa

'Yata, sannu da rashi, Allah ya ba ki haƙuri.

Kada ki shiga a ɓoye. Ƙauye ba ya da ɓoye, kuma gonar da kike so mutanenki su ɗauka ba za su ƙara taɓa ta ba in ta zama wadda aka karya tabu dominta. Kada ki riƙe yayanki a zuciya, shi ma maraya ne, bakinsa ne kawai ya fi naki zafi.

Amma shirunki ma kuskure ne. Dattawan nan sun san kifin da ke ciyar da kansa, ba su san na keji ba. Kin yi godiya, sun ɗauka sun faranta miki. Wanda bai faɗi ciwonsa ba, wa zai ba shi magani? Gobe ki nemi saiwar yaqona mai kyau, wadda ake kai wa dattawa gaisuwa in za a roƙe su, ki sa Kawu Epeli a gaba, shi zai yi magana. Ban da zancen digiri da awo. Ki ce dabbobin marigayi ne suke kwana da yunwa, kina roƙon a bar mutum ɗaya ya ciyar da su, ba zai fito da ko ƙaya ba. Malaminki kuma ki rubuta masa ki nemi ƙarin lokaci, ba a kanki aka fara rashi ba.

Mai yiwuwa su ƙi, kuma suna da iko. In sun ƙi, ki roƙi abu ɗaya: wanda ya kafa sandar ya koma ya buɗe ƙofar kejin ya saki kifin. Za ki rasa aikin shekara uku, ba zan yi miki ƙarya ba, zai yi ciwo. Amma ba za ki tsaya kina kallon rai yana mutuwa a kulle da sunan mahaifinki ba.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya tausasa ta dattawa.

Anti Mereoni