Gansakukar Kawu da Ɓeran Tsibiri

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara maka sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan duk lafiya lau, Inna ma ta warware har tana fita tsakar gida.

Maganar Kawu ce ta sa na rubuto maka. Ka tuna gansakukar nan mai laushi da ke jikin dutsen bayan makarantarsu, wadda ya ce bai taɓa ganin irinta a wani wuri ba? Masu aikin titi sun zo da zaɓi biyu, ko su fasa dutsen, ko su ratsa ta tsibirin da nake aikin kula da ɓerayen nan masu jan baya. Aka kira taro kan maganar, a nan aka gwada ɓeran da gansakukar. Kowannensu wuri ɗaya ya rage masa a duniya. Su ɓerayen, kyanwoyin masunta ne ke cinye su, gansakukar kuma maɓuɓɓugar da ke jiƙa ta ce ke ƙafewa. Amma da aka nuna hoton ɓeran da manyan idanunsa, sai kowa ya yi murmushi. Da aka nuna gansakukar, wani ya ce ai wannan ko a bangon banɗakinsa akwai ta. Kawu ya miƙe da sandarsa, ya ce ɓera dai yana da ƙafafun gudu, ita kuwa inda aka same ta nan za ta mutu. Aka yi dariya, aka yanke cewa dutsen za a fasa.

Wallahi Yaya, ban iya murna ba. Kafin a fasa dutsen, Kawu ya kankaro 'yar kaɗan a tsohon kwano, ya ajiye ƙarƙashin gadonsa saboda sanyi, kullum yana yayyafa mata ruwa. Jiya na leƙa, na tarar ta koma ruwan ƙasa. Bai yi mini ƙorafi ba. Cewa kawai ya yi in riƙe ɓerayena da kyau, tunda da tasa aka fanshe su. Don Allah ka kira shi, muryarka yake ji.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da 'yan biyu. Inna da Auta suna gaishe ku.

Taka har kullum,
Ƙanwarka