Shuɗiyar Rigar da Ta Tada Gamkalley

Zuwa ga Illo, sanyin idona, inuwar mangwarona a tsakiyar zafin Yamai, ruwan randata da rana tsaka, wanda zuciyata ta zaɓa ba ta nemi shawarar kowa ba.

Gaisuwa gare ka mai yawa, kamar gulbi in ya cika ya kwanta a gonakin shinkafar Saga. Bayan gaisuwa ina da faɗa, kuma sai ka ji shi har ƙarshe.

Ƙanwarka Hafsat ta dawo mini da rigar da na ɗinka maka, a naɗe cikin leda, tare da saƙonka. Wai ba za ka sa ba. Wai za ka mayar da taksi ga mai shi ka koma Maradi har ƙura ta lafa, wai duk don ka kare sunana. Haba Illo! Wa ya ce maka sunana tulu ne da harshe zai fasa? Yaushe gudu ya zama gadi?

Bari in gaya maka yadda abin ya fara, tunda kai wutsiyar zancen kawai ka ji. Ka san matan layinmu, da an yi la'asar sai su cika shagon ɗinkina, don ni ke da tele da fanka. Ranar na sa mana fim ɗin Indiya mai fassara, irin na ban dariyar nan. Wata baiwar Allah ce mijinta ya rasu, maƙwabta suka ga laimar namiji a jingine a ƙofarta. Shi ke nan, unguwa ta kama da wuta! Dattawa suka kafa kwamitin gyaran tarbiyya, shugabansu mai ƙaton tumbi ya hau tsani zai leƙa tagarta ya rufto cikin kwandon tumatir, wata tsohuwa kuma tana bin gida-gida da labarin, tana rantsuwa ita fa ba ta son gulma. Mata suka yi ta dariya har da hawaye. Zalika, matar mai shagon da ke kusa da nawa, ta fi kowa tsine wa tsohuwar, tana roƙon Allah Ya raba mu da irin waɗannan maƙwabta. Tana tsinuwar nan, hannunta na kan shuɗiyar shaddar da ke bisa kekena. Ta san ba na ɗinkin maza. Ina kallonta ta wutsiyar ido, ta auna faɗin kafaɗar da yatsunta, ta auna tsawon hannun, idonta kuwa bai bar tele ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Washegari ta shiga gwada awon a jikin mazan layi da ido. Mu'azu mai burodi ya yi gajere, Bawa mai gadi ya yi faɗi. Sai ga ka, ka tsaya da taksi za ka sauke mini buhun gawayi, ka juya baya ka sunkuya. Ashe irin kafaɗar nan guda ɗaya ce a Gamkalley duka! A nan kam ba ta yi ƙarya ba, ni ma na daɗe da sanin haka.

Daga bakinta zance ya faɗa fada, wurin mutanen da ba su da aiki sai dafa shayi da duba ƙafar mai wucewa. Su ma suka yi nasu kwamitin, suka samu Alhaji Mumuni, mai gidan da nake haya, suka ce bazawara tana auna maza, za ta ɓata musu layi. Shi kuma ya aiko mini cewa in namiji ya sake taka shagon, in kwashe kekena.

Ka tuna ranar awon, hasken raina? Ƙofa a wangale, hadari ya haɗo, iska na kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga lambunan bakin gulbi. Ka tsaya ƙiƙam kamar wanda za a yi wa allura, ka ɗaga hannuwa, ka riƙe numfashi, idonka a kan kwanon rufi. Ni kuwa da ke auna amare ido rufe, na karanta lambar na manta, na sake karantawa na sake mantawa. Da na gama ka saki numfashi, muka fashe da dariya, ruwa ya kece. Wannan ne zunubin namu duka! Wallahi da za a dawo da ranar, sai na ƙara mantawa don ka daɗe a tsaye.

Tun da ka daina biyowa layinmu, duk taksin da ya wuce sai ƙafata ta tsaya a kan keke. Ɗinki ba ya tafiya, shayi ba ya shiga. Ina kewarka, Illo, kewa mai zafi, kuma ina jin haushinka daidai da ita.

A fim ɗin can, daga ƙarshe an gano laimar ta yayanta ce, maƙwabta suka ji kunya, aka yi rawa aka watse. Ni ba ni da wannan mafita, ba na kuma son ta. Rigar ba ta yayana ba ce. Don haka jiya, da mata suka taru, na kashe tele ana tsakiyar waƙa, na ɗaga rigar sama, na ce wa Zalika ta huta da awo: ta Illo ce, ni na auna shi, ni na ɗinka, kuma shi nake so. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na taka har fada na maimaita musu, shayinsu na zuba a wuta babu mai saukewa. Na kira Kawu Lawali a Tahoua, na ce ya shimfiɗa tabarma, manyanka na nan tafe.

Ka ga ke nan, sunan da kake son karewa na riga na ɗaura shi da naka a gaban kowa. In ka tafi yanzu, ba rufa mini asiri ka yi ba. Ka bar ni ne tsaye ni kaɗai da maganar da na faɗa.

Ga rigar nan na sake ba Hafsat, na goge ta. Ka sa ta ran Juma'a, ka yi salla a masallacin layinmu, ka bi ta gaban fada ka yi musu sallama da ƙarfi, ka shigo shagona da rana tsaka. In Alhaji ya ce in kwashe keke, sai mu kwashe shi tare, ai kana da mota. Shago ana samun wani. Kai fa?

Zan buɗe ƙofa in zauna a bakinta, ba labule, ba tele. Su ma duk za su fito su zauna, na sani. A karon farko ni da su abu ɗaya za mu kalla, wato bakin hanya.

Taka, wadda ta faɗi sunanka da ƙarfi kuma ba za ta janye ba har numfashinta ya ƙare,

Zuwera
Gamkalley, Yamai