A Hannun Grit

Litinin, 1 ga Oktoba

Sun kwantar da ni a asibiti. Hawa na biyu, sashen masu barin ƙwaya. Nas ɗin da ta zazzage jakata, na dube ta na sake dubawa: Grit ce. Grit 'yar Gwaggo Traudel, wadda muka zauna benci ɗaya tun muna aji ɗaya. Ta yi ƙiba, ta sa tabarau. Ta gane ni sarai, na ga wuyanta ya yi ja kamar yadda yake yi tun muna yara. Amma sai ta ce, "Frau Uhlig, ku miƙo hannu in gwada jininku. Yaushe rabonku da hodar kiristal?"

Ku! Wai Frau, wato Madam! Ni Dori. Na ce shekaranjiya, hannuna a baki kada ta ga haƙorana.

Alhamis, 4 ga Oktoba

Barci. A tashe ni in ci, in koma. Na shekara goma sha ɗaya ne ya taru ya danne ni.

Juma'a, 5 ga Oktoba

Yunwa kamar me. Na share miya kwano biyu da burodi, ban ji ɗanɗanon komai ba. Kwali kawai nake taunawa.

Lahadi, 7 ga Oktoba

Ta tagar ɗakina ana hango tarakta tana haƙar dankali. A zamaninmu mu ake kwasowa daga makaranta a bayan mota, kowa da kwandonsa. Sanyi ya ƙandare yatsu, hanci na yoyo, amma ana ta waƙa. Ni ce uwar tsokana. Grit kuwa ko tsutsa ta gani sai ihu, ƙarshe ni zan cika mata kwando. Da yamma a tara busasshen ganye a cinna wuta, a binne dankali cikin toka, mu ci da gishiri, bakin kowa baƙi ƙirin. Daga nan sai gidansu Grit, don Mama tana aikin yamma a masaƙar safa. A teburinsu na girma.

An rufe masaƙar tuni. Mama ta rasu. Na tafi birnin Nürnberg neman arziki, na dawo da akwati ɗaya, na haɗa aiki biyu: kicin ɗin otal da sharar ofis. Wata da muke wanke-wanke tare ta miƙo mini kiristal, ta ce ga abin da zai riƙe ni a tsaye. Ya riƙe ni kuwa. Shekarun farko, ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na ji daɗinsu. Na yi rawa har takalmi ya huje.

Talata, 9 ga Oktoba

Kuka ba dalili. Dakta Fiedler ta ce haka abin yake. Babu wata ƙwaya da za su ba ni ta maye gurbin waccan, sai abin barci kaɗan, suna kuma lura da zuciyata. Wai an daɗe ana matse ƙwaƙwalwata ta fitar da daɗi, yanzu ta ƙafe, sai a hankali za ta sake tsattsafowa. Ta kawo zancen wani gida a cikin duwatsu inda ake ci gaba da jinya bayan nan, wata huɗu. Na ce mata ko a mafarki. Sati ukun nan ma da ƙyar.

Laraba, 10 ga Oktoba

Na yi mafarkin ina jera hodar kiristal a kan madubi. Na farka bakina cike da yawu. Na zagi wata baiwar Allah a kan cokali.

Asabar, 13 ga Oktoba

Yau saura ƙiris.

Tun safe jikina yake tsuma. Na kira Maik ta wayar baranda. Maik da muke zaune tare, shi yake tsallaka iyaka ya sayo mana hodar. Ya ce, "Na san za ki kira, 'yar tsana. Sauko, ga ni nan zuwa." Na cusa kaya a jaka. Grit ce ke aiki. Ta ce, "Ƙofa a buɗe take, Frau Uhlig, ba mai riƙe ku." Ta ɗauki jakar da kanta ta rako ni har matakala. Ta gilashi ina ganin motarsa.

Sai ta dire jakar ta ce, "Ke Dori, ba ki da hankali. Tun da can ba ki da shi."

Na ce au, ashe kin san sunana.

"Rufe mini baki. Kin tuna Ronny mai kunnen zomo? Ni na raka shi nan wurin bara. Da bazara muka binne shi." Ta cire tabarau tana gogewa da riga. "Mamata ta rikice, wani lokacin tambayata take ni wace ce. Amma kusan kullum sai ta ce ina Dori, ba ta zo cin abinci ba. Me zan ce mata?"

Na zauna a kan matakala. Ban yanke shawarar komai ba, zama kawai na yi. Maik ya yi ta danna hon, ya gaji ya ja mota. Grit ta ce, "Tashi, jakar nan kuma ke za ki hau da abarki."

Laraba, 17 ga Oktoba

Maik ya bugo. Na ce a ce masa ina barci. Barcin nake ji kuwa.

Lahadi, 21 ga Oktoba

Dakta ta bar ni fita yini, bayan ta ja kunnen Grit. Grit ta ce ranar Lahadi ita ba nas ɗin kowa ba ce.

Gidansu Grit yana nan, har murhun tayil ɗin. Gwaggo Traudel ta kankance, ta zama kamar tsuntsuwa cikin bargo. Ta dubi Grit kamar baƙuwa. Ta dube ni ta ce, "Sai yanzu? Dubi yadda kika rame! Uwarki ta san kina nan?" Na ce ta sani, Gwaggo. Ta kama haɓata ta leƙa bakina, ta ce alewa ta gama da ni, ai ta sha faɗa mini. Grit ta fice kicin da gudu, ban san ko dariya take ko kuka ba.

An kawo kek na tuffa. Tsami ya yi masa yawa, na faɗa musu. Grit ta tsaya da wuƙa a hannu tana kallona: "Kin ji tsamin?" Na ce a daina kallona haka.

Da za mu tafi, Gwaggo ta riƙe mini hannun riga. "Gobe za ki dawo?"

Na ce ba gobe ba, Gwaggo, akwai inda za ni, can cikin duwatsu. Sai ƙanƙara ta narke zan dawo.

Ban san lokacin da bakina ya faɗa ba. Grit ta yi kamar ba ta ji ba, tana ta laluben makullin mota alhali yana hannunta.