Ɗakin Da Na Kama Muku A Sabon Gari

Anacha,
Janairu, 2006.

Zuwa ga Yaya Safiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Iya da maigidan da yara. Mu ma nan lafiya lau, kasuwar albasa sai godiya.

Yaya, na yanke shawara. Cikin watan gobe zan kawo Nonye da Nana gida. Yarinya har ta shiga firamare ba ta taɓa ganin kakarta ba, sunanta kawai take ɗauke da shi. Na san Iya ta ce matata ba za ta kwana a gidanta ba muddin tana zuwa coci. To, amma ba ta ce ba za ta ga jikarta ba. Shi ya sa na ce wa Nonye hutu za mu je irin na ma'aikatan gwamnati, mu fara da Zariya, sannan mu wuce Kano. In Iya ta yi mana fuska, alhamdu lillahi. In ba ta yi ba, ai yawon buɗe ido muka zo, babu wanda zai ji kunya.

Ki taimake ni da masauki a Sabon Gari, otal mai tsabta wanda ba a sayar da giya, kuma kusa da coci. Ki duba mana gidan abincin da ake sakwara da miyar ganye irin tasu, kada mu fara ta da tuwon dawa ranar farko ta ce mugunta ce. Ni kam balangun bakin kasuwar Samaru ya ishe ni. Ina so su hau Kufena, su ga ganuwa da dam ɗin jami'a. A Kano kuma Dala, da marinar Ƙofar Mata, da Kurmi, da gidan zu, domin Nana ta rantse sai ta ga giwa. Ki tambayar min Kawu na Fagge inda ya dace mu sauka a can.

Ki ba Uzodinma amsa, direban babbar bas ɗin da ke lodi a Sabon Gari. Shi ne zai kawo miki wannan. Ki gaishe min da Iya da kyau.

Ƙaninki,
Abdulrahim.

Samaru,
Fabrairu, 2006.

Auta,

Wa alaikas salam. Kowa lafiya, Iya ma da sauƙi, sai ƙafar.

Hutu! Yau ga ɗan albasa da hutu. Da na karanta sai da na ajiye takardar na yi dariya har maigidan ya leƙo. Kada ka ce me ya hana ni buga maka waya, kati ba ya isa ta in zage ka yadda nake so.

Duk da haka na je. Otal na farko da na shiga, yaron kanta ya kalle ni da hijabina ya ce awa nawa nake so. Da ba don katako ya raba mu ba da ya sha mari. Na biyu kuwa warin giya ne ya tarbe ni tun daga mashiga. Sai a na uku na sami natsuwa, na wani dattijo Callistus, can bayan kasuwa. Ɗakin da faɗi, da fanka, zannuwan gado farare, cocin kuma ana hango shi ta taga. Ya buga ƙofar gidan da tafin hannu ya ce min, "Hajiya, ƙofan nan ƙarfe ne, ko soja sai ya yi sallama." Na kama muku ɗakin. Abinci kuma akwai wata Omolara a layin, na ci sakwararta don in gwada, ba laifi, sai dai barkono kamar da gayya.

Yanzu ka ji abin da ya same ni a hanyar dawowa. Ina tsaye a PZ ina jiran motar Samaru, sai wani ɗan acaɓa ya kwashe kayan da wani mai sayar da kayan mota ya baza a bakin titi. Magana ce ta ba da haƙuri. Mai kayan ya shaƙe shi, shi kuma ya kai masa naushi. Kafin in gyara jakata 'yan acaɓa sun cika wurin, masu shaguna sun fito da ƙarafa, an daina maganar kaya an koma mu da su. A gabana aka sauke wa wani mutum ƙarfen mota a ka. Na ji ƙarar, Auta, irin ta fashewar ƙwarya. Ya zauna a ƙasa yana taɓa kansa yana duba hannunsa, wani ya zo ya ƙara masa. Ban san ko namu ne ko nasu ba, jini ya rufe fuskar. Kwalba ta fashe a jikin bango kusa da ni, ta yanke ni a goshi. Wata mai sayar da atamfa ce ta ja ni cikin shagonta ta ja ƙofa, muka zauna a duhu muna jin ihu har 'yan sanda suka zo da barkonon tsohuwa.

Garin nan da zafi, abu kaɗan yake jira. Kai in ka shiga taro ka ɓace a cikinsa. Ita fa? Da ganin tafiyarta an san daga inda ta fito. Ban taɓa ganin Inyamurar taka ba, ban kuma ce ina son ta ba, amma ba zan so a ce a hannuna aka taɓa ta ba.

Kawu ya ce ku sauka a Sabon Garin Kano, kuma Kurmi sai da mayafi. Na gaya wa Iya kuna tafe. Sai kawai ta sa aka wanke manyan kwanuka.

Yayarka,
Safiyatu.

Anacha,
Fabrairu, 2006.

Yaya Safiya,

Assalamu alaikum. Sannu da ciwo, Allah ya kiyaye gaba. Raina ya ɓaci da jin an fasa miki goshi a kan hidimata.

Amma Yaya, faɗan tasha ai ko'ina ana yi. Nan ma ba a wuni ba a fasa kan wani ba a bakin gada, washegari kuma a ci abinci kwano ɗaya. Sannan don Allah sunanta Nonye. Ta sayi mayafi har biyu, ta iya durƙusawa ta ce "ina kwana Iya", kullum sai ta gwada a gabana, Nana tana gyara mata. Ta dinga tambayata wane irin zane tsofaffinmu suka fi so.

Maganar kwanukan nan ta hana ni zama. Mun sayi tikiti, ranar Litinin za mu taso da motar Uzodinma idan ya juyo. Ki ce wa Omolara ta rage barkono saboda yarinya. Sai mun zo, in sha Allahu.

Naki,
Abdulrahim.

Samaru,
Lahadi.

Abdulrahim,

Salam. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, Uzodinma na shirin tashi.

Kada ku taho. Ka ji abin da ya faru jiya a Maiduguri, an ƙona coci-coci, an kashe mutane. Tun da safe garin nan ya canza. Na shiga Sabon Gari don in ga Callistus, na tarar da maza a bakin kowane layi, wasu da adda, wasu da kwalabe a buhu. Dattijon da ke min wasa da ƙofar ƙarfe na same shi zaune yana wasa adda a kan dutse. Bai ɗago ba ya ce, "Hajiya, ki koma gida, yau ba ranan ciniki ba ne."

A hanyar dawowa wasu samari suka tare motarmu, suna leƙa fuskoki. Suka jawo Albert, malamin nan da ya koya wa yarana lissafi, shekara da shekaru yana haya a Bomo. Yana ce musu da Hausa, "Ni ne fa, kun san ni," suna dukansa da gora. Hannunsa da ya kare kansa da shi na ga ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa. Na fita na faɗa a kansa ina zaginsu da sunayen iyayensu, don biyu daga cikinsu a gabana aka haife su. Na sha gora ɗaya a kafaɗa kafin su watse. Yana asibiti yanzu, bai san wanda ke kansa ba.

Wannan mutumin gari ne aka yi wa haka. Ina ga baƙuwa da ke cewa "ina kwana" da rana tsaka? Kawu ma ya aiko cewa Kano kowa a tsorace yake, ba maganar Dala ko gidan zu.

Na san taurin kanka. To ka ji: ni na goya ka, ni na yi maka wanki har ka yi gemu. Idan ka ɗora matar nan da yarinyar nan a mota ka kawo su cikin wannan, ban yafe maka ba. Ku zauna inda kuke. Can tana cikin danginta, kai kuma surukinsu ne, babu inda ya fi muku nan kwanciyar hankali. Ɗaki yana nan, Kufena ba ya gudu. In ƙura ta lafa ni da kaina zan ce ku taho.

Yayarka,
Safiyatu.

Anacha,
Asabar.

Yaya Safiya,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaishe da Iya. Ni ce Nonye, matar ƙaninki. Hausata ba ta kai ta rubutu ba, Uzodinma ne yake rubuta abin da nake faɗa, shi a Sabon Gari aka haife shi.

Muna tasha da jakunkunanmu ranar Litinin aka ba Abdulrahim takardarki. Ya karanta, ya ninke, ya ce mu koma gida, Yaya ta ce a dakata. Nana ta yi ta kuka saboda giwa. Ban ga ya yi fushi ba, cewa ya yi Yaya ba ta faɗin abu a banza.

Ranar Talata ya tafi kasuwar bakin gada, ya ce tunda ba tafiya bari ya duba albasarsa. Kafin azahar muka ji ihu. An ce an kawo gawarwakin mutanenmu daga Arewa, samari suka fita neman Hausawa. Sun ƙona rumfunan bakin gada duka. Maƙwabciyarmu ta dawo da gudu, ta ce ta ga ana sara mutane ana jefa su a kogi.

Da yamma suka zo gidanmu, don kowa a layin ya san wanda nake aure. A cikinsu akwai ɗan ƙanin babana, wanda Abdulrahim ya saya wa babur. Na tura Nana ƙarƙashin gado, na ce ko wa ya kira Nana kada ta amsa, sunanta Adaobi. Na tsaya a ƙofa. Suka ce in fito da shi da 'yarsa. Na ce ba ya nan, yarinya kuma tawa ce. Ɗaya ya kai sara, na tare da hannu, an yi min ɗinki daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Da suka ga jinina ne ya zuba, jinin 'yar gari, sai suka tsaya suna kallon juna. Suka fasa tagogi, suka ƙona tabarmar sallarsa a tsakar gida, suka tafi.

Yaya, bai dawo ba. Na je barikin soja inda Hausawa suka fake, na bi layi-layi ina kiran sunansa. Na je asibitoci. Na shiga inda ake ajiye gawa, na buɗe fuskoki da hannuna mai lafiya, waɗansu ba su da fuskar da za a gane. Wayarsa ba ta shiga. Wani mai sayar da tumatir ya ce ya gan shi yana gudu wajen gada, wani kuma ya ce ya ga an tura shi cikin tirelar da ta kwashi mutane zuwa Arewa.

Don Allah ki duba min. In ya iso wurinku, ko a wane hali yake, ki aiko min. Ban kwance jakunkunan ba, zanen Iya yana ciki. Nana har yanzu ba ta amsa sunanta, ko ni na kira.

Ƙanwarki,
Nonye.

Samaru,
Litinin.

Nonye, ƙanwata,

Na gaishe ki, ya hannun? Allah ya ba ki lafiya, ya saka miki abin da kika yi wa yarinyar nan.

Duk tirelar da ta shigo Zariya da mutanen Anacha na je na tare ta. Na hau da kaina na duba na zaune da na kwance. Kawu ma ya duba na Kano. Ba ya ciki.

Ni na ce kada ku taho. Da kun hau motar nan da yanzu yana zaune a gaban Iya. Ina faɗa miki ne don kada ki ɗauka ban sani ba. Iya ban gaya mata ba tukuna, kullum sai ta tambaye ni ko yau ne.

Ba zan iya zama ina jiran tirela ba. Zan biyo Uzodinma ranar Alhamis, mu neme shi tare. Maigidan ya ce hauka nake yi, Callistus ya ce za a gane ni tun daga gada. Ban taɓa wuce Lokoja ba, ban san kowa a garinku ba sai ke. Ki gaya wa Uzodinma inda ya kamata in sauka, da gidan da zan kwana ba tare da na jawo wa masu shi wuta ba, da kayan da zan sa. In an tare mota an tambaye ni ko ni wace ce, ki faɗa masa abin da zan ce da yarenku, zan haddace a hanya.

Ki shafa min kan yarinyar, da duk sunan da take amsawa.

Yayarki,
Safiyatu.