Tsohon Noti da Ran Jaɓɓi

Zuwa ga Alhaji Labbo, shugaban kanikawan garejin Gindin Tsamiya, Kaura Namoda, da manyan da ke zama tare da shi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran gareji. Na gaishe ka ne don addini ya ce a gaisa, ba don zuciyata ta huce ba.

Sunana Bawa Direba, ko da yake yaranka sun fi sanina da Mai-taya-uku. Ban yi boko ba. Malamin firamare da muke katanga ɗaya na roƙa ya rubuta mini wagga takarda, na kuma gargaɗe shi kada ya sassauta ko kalma guda. Zan sa a liƙa ta a ƙofar masallacin tasha, don magana a ɓoye tsakanina da kai ta ƙare.

Kukana tsoho ne. Tun muna ƙarƙashin Sakkwato, kafin a yanke mana jihar Zamfara, nake ɗauke da laifin mutuwar mutum a kaina, alhali ba ni na yi ba. Kai ka san wanda ya yi. Ga yadda anka yi, saboda waɗanda ba su nan a lokacin.

Na farko. Wata Laraba na kawo maka a-kori-kurar da nake ja, ta wani ɗan kasuwar hatsi, a gyara birkin baya, don washegari kasuwar Shinkafi. A lokacin ba ka zama Alhaji ba, Oga Labbo ake ce maka. Yaranka sunka kwance tayu, sunka zuba notina cikin daron nan na fetur da kowa ya sani, wanda ke gindin tsamiya. A ciki akwai notin tifa, akwai na tasi, akwai na motocin da sunka mutu tun tuni anka sayar da gangar jikinsu. Na ce maka a sa mini sabbi, don na lura nawa sun fara sakin jiki. Ka yi dariya gaban mutane, ka ce tsohon noti ƙarfen Bature ne, sabbin yanzu gwangwani ne, wanka kawai nawa ke so. Anka kira azahar na tafi masallaci. Da na dawo na iske mota a ƙasa, noti na ta ƙyalli kamar yau anka ɓare su daga leda, ka ce in tafi da sunan Allah.

Na biyu. Ranar Alhamis da safe na ɗauki buhunan gero da mutane. Cikinsu har da Jaɓɓi, Bafillace daga wata ruga bayan Birnin Tsaba, da ragunansa. Jaɓɓi abokina ne. Ba ya shiga motar kowa sai tawa, ko da zai yini yana jira, kuma bai taɓa zuwa hannu sake ba, ko da ƙwaryar nono ce. A bayan mota ya zauna, kusa da dabbobinsa, kamar yadda ya saba. Munka wuce Moriki kaɗan, na ji baya ya fara rawa. Kafin ƙafata ta kai ga birki, na ga tayata ta hagu ta wuce ni, ta nufi gonar dawa ita kaɗai. Motar ta kife. Buhuna sunka danne Jaɓɓi. Ni na ciro shi da hannuna, yana kiran sunan Allah da Fillanci da Hausa, kuma kafin a sami motar da za ta kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Na uku, kuma nan nake so ka karanta a hankali. Bayan kwana biyu na koma wurin da hannu a ɗaure, na bi gefen hanya ina tona ƙasa da ƙafa, har na tsinci noti biyu. Na zura ɗan yatsa ciki, sumul kamar zobe, haƙoran duk sun cinye. Ɗayan ma ba irin na motata ba ne. Ɗayan kuwa da shatin guduma a gefensa. Na yi shekaru a hanya, na san abin da wanga shati ke nufi. In noti ya ƙi kamawa, sai a ɗora shi bisa ƙarfe a buga mishi guduma ya ɗan matse, a maida shi, a zura sifana cikin bututu, yaro ya hau kai da ƙafa biyu yana tsalle har ya yi ƙara. Direba ya ji ƙara, ya ce ya ɗauru. Bai ɗauru ba, an dai toshe mishi baki ne zuwa ramin farko.

Kada ka ce Bawa tsoho ne mai rikici, bai yarda a wanke komai ba. Na yarda. Notin madubi, notin bodi, na murfin inji, a wanke shi da fetur, a goge da burushin waya, a shafa giris a maida. Ko ya faɗi babu wanda za a yi wa salla. Na kuma yarda akwai sabbi na jabu a kasuwa, ni ma an taɓa sayar mini. Amma na taya, na birki, na sitiyari, ran mutane ne rataye da su. Fetur tsatsa yake cirewa, ba ya maido da haƙorin da ya cinye. Bol ɗin da noti ke kamawa, wanda anka ja da bututu har ya miƙe ya sirance, ko wata guda ya yi a daro, ba zai koma yadda yake ba. Kai da ka tsufa a sana'ar ka fi ni sanin haka, shi ya sa ban ɗauke shi kuskure ba.

Na huɗu. Me ya biyo baya? Tun ina kwance anka baza a tasha cewa gudu nake yi. Motar da ko a gangara ba ta tsere wa mai keke da nisa, ita ce wai na yi gudu da ita. Mai mota ya karɓe makulli, kuma daga ranar babu wanda ya sake miƙa mini sitiyari. Yanzu gadin buhunan mutane nake yi a tasha. In na ratsa ta gaban garejinka, yaran da ba a haifa ba ranar hatsarin su ke kirana Mai-taya-uku, kana zaune bisa benci kana jan carbi, ba ka taɓa tsawata wa ko ɗaya ba.

Duk wanga da sauƙi. Abin da ke ci mini rai Ardo Buba ne, yayan Jaɓɓi. Na tafi gaisuwar mutuwa rugarsu, bai ɗaga kai ya dube ni ba. Tun daga nan in munka haɗu a kasuwa na yi mishi sallama, sai ya juya wajen shanunsa. An gaya mishi gaggawata ce ta kashe ƙanensa, shi kuma ya yarda. 'Ya'yan Jaɓɓi sun girma, sun san fuskata, sun san abin da anka ce na yi. Mutanen da nake kwana rugarsu in damina ta tare hanya, yau ko ruwa ba za su ba ni ba.

Na biyar. Ban zauna shiru ba. Na zo maka da notin a tafin hannu, kana wanke hannu da garin sabulu, ko kallonsu ba ka yi ba, ka ce ƙaddara ce. Na san ƙaddara ce, Alhaji. Amma ƙaddara ba ta riƙe guduma. Na sake zuwa bayan ka dawo daga Makka, ina zaton zuciya ta yi laushi, ka sa anka miƙo mini dabino da zamzam, ka ce a bar abin da ya wuce. Na aje maka dabinonka bisa tabarma na fita. Da anka ƙaddamar da Shari'a na ce to, yau ranar talaka ta zo. Na tafi gaban alƙali, ya saurare ni da mutunci, ya ce in kawo shaidu. Yaranka biyu da sunka ɗaura tayar, ɗaya ya buɗe garejinsa a Shinkafi, na je har can ya ce shi bai tuna ba. Ɗaya an ce yana Maraɗi. Sauran kanikawa kuwa bakinku ɗaya, babu mai tona ɗan'uwansa.

Ga shi an rufe gidajen giya, an hana caca, ana bin 'yan kasuwa a kan mudu da algus. Kai ma kana sahun gaba ranar Juma'a kana kabbara. To ina tambaya: wanda ya zuba hatsi mai kyau a bakin buhu ya ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasa, da wanda ya wanke mataccen noti ya yi ƙyalli ya ɗaura wa tayar da za ta ɗauki Musulmi, wane ne ya fi algus? Jiya ma na ratsa, daron yana nan inda yake, fetur ɗin ya yi baƙi, ana tsamo wa wata motar Zurmi noti daga ciki, mata da yara na jira a inuwa su shiga.

Abin da nake nema bai da yawa.

Ka hana a maida tsohon noti ko bol a taya da birki da sitiyari a garejinka. Wanda anka cire, a nuna wa direba shi a hannu kafin a jefar, ya gani da idonsa.

Ka hana yaranka wancan suna. Ina da jikoki a garin nan.

Babba kuwa shi ne wanga. Ba diyya nake nema ba, ba mota ba, hannuna ma ya daina riƙe sitiyari. Ranar kasuwa mai zuwa zan roƙi limamin tasha ya aika a kira Ardo Buba. Ka zo ka tsaya gabansa ka faɗi abin da anka ɗaura wa motata. In kuwa ka ce ƙarya nake yi, to ka yi alwala ka dafa Alƙur'ani ka rantse cewa notin da kunka sa lafiyayyu ne. In ka rantse, na yi alkawari gaban jama'a ba za ka sake jin bakina ba, na bar ka da wanda ka rantse da littafinsa.

Ardo ya tsufa, idonsa ya fara rufewa. Ni ma ƙafata ɗaya tana kabari, kai ma ba yaro ba ne. Ba ni son a binne ɗayanmu alhali mutumin nan yana ganin ni na kashe mishi ƙane.

Allah ya jiƙan Jaɓɓi. Allah ya tsare matafiya. Kai kuma Allah ya ba ka lafiya da tsawon ran da za ka faɗi gaskiya, ya hana ka mutuwa da haƙƙin wani a wuyanka.

Kada ka aiko mini yaro, kada ka aiko mini goro. Ka zo da kanka ka ba ni amsa.

Wassalam.

Bawa Direba,
Tashar mota, Kaura Namoda.