Karsanar Baba da Lambobi Shida

Bakori, Jihar Katsina.

Zuwa ga Yayata Raudatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa ta girmamawa daga nan gida, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Yaya Abdulrahman da yara, a can Fatakwal ɗinku da ruwan sama ba ya gajiya. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya sauƙaƙa miki aikin asibiti, ya raya mana zuri'a. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, an fara kai masara gida, dawa kuma ta sunkuyar da kai. Inna tana Tsiga, ciwon gwiwar ya yi sauƙi tun da aka hana ta zuwa rijiya. Maigidana yana gaishe ki, ya ce in faɗa miki har yanzu yana jiran kifin da kika yi masa alkawari. Na san za ki yi dariya ki ce ga waya a hannu amma Bushra ta ɗauki biro. To, na ji saƙon muryarki na makon jiya har sau uku, kuma amsarsa ta fi ƙarfin a faɗe ta a tsaye. Ban da haka, a bana na koyi cewa abin da ke kan takarda ya fi daɗewa a hannun mutum.

Kin san abin da ya faru da wayar Inna, tun da ke ma an turo miki saƙon ƙarya da sunanta. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda aka yi, domin Inna ta rufa mini asiri, ni kuma kunya ta hana ni faɗa. Ranar Laraba ce a farkon damina, na je Tsiga yini. Matan gida suna zaune a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida suna ɓarar gyaɗar iri, ni kuma ina karanta musu littafi kamar yadda muka saba tun kina nan. Kin tuna ke kika fara wannan al'adar, kina karantawa ina riƙe miki shafi kada iska ta juya, har kika tafi makaranta na gaje ki. Mun zo daidai inda labari ya yi daɗi sai wayar Inna ta yi ƙara. Wani mutum ne mai murya a natse. Ya gaishe ta da kyau, ya kira ta matar marigayi Malam Haladu, ya yi wa Baba addu'a mai tsawo har na ga idon Inna ya cika. Ya ce daga ƙungiyar manoma yake, sunan Baba yana cikin waɗanda za a ba taki, kuma ba su so hakkin marayu ya salwanta. Ya ce wasu lambobi za su shigo wayar, a karanto masa don a tabbatar.

Inna ta miƙo mini wayar, yadda kowa a gidan nan yake miƙo mini duk abin da ke da rubutu, daga takardar magani har katin biki. Yaya, lambobi shida ne. A ƙarƙashinsu akwai layi biyu na Turanci, na gan su da idona, amma na tsallake su kamar yadda nake tsallake shafin godiya da sadaukarwa don in kai ga labari. Daga baya na san cewa gargaɗi ne kada a faɗa wa kowa lambobin. Na karanta masa su da muryar nan tawa ta karatu, a hankali, har sau biyu don kada ya yi kuskure. Ya sa mini albarka, na ce amin, na koma littafina. Kafin la'asar wasap ɗin Inna ya rufe, 'yan uwa suka fara kira suna tambayar wane asibiti aka kwantar da ita.

Wannan kuskure na farko ke nan, kuma da a nan na tsaya da da sauƙi. Washegari na ɗauki wayar a ruɗe na kai wa wani mai gyara a Funtuwa. Ya juya ta, ya ce ɓarayi sun shiga ciki, sai an wanke ta tas, abin da suke kira filashin. Na ce ya yi duk abin da zai yi. Ya wanke ta kuwa. Sai da na dawo da ita Tsiga, Inna ta ce in sa mata Baba, sannan na gane abin da na yi. Kin san Inna ba ta karatu, don haka duk tafiyar da Baba ya yi sayen hatsi, da murya yake aiko mata labari. Akwai na gona, akwai na kasuwa, akwai waɗanda ya aiko daga gadon asibiti a Zariya yana ce mata abincinsu ba gishiri. Akwai addu'ar da ya yi mini ranar da za a kawo ni Bakori. Tun rasuwarsa kullum bayan asuba sai Inna ta kunna ɗaya tana dama koko. Duk sun tafi. Ba ta yi mini faɗa ba, ko kallon banza ba ta yi mini ba. Ta karɓi wayar ta sa a ƙarƙashin filo, ta tambaye ni ko na ci abinci.

Na yi wata biyu ban buɗe littafi ba, ke kin san abin da wannan yake nufi a wurina. Maigidana ne ya gaji da ganina haka, ran nan ya dawo daga kasuwar hatsi da wata takardar talla, ya ce tun da ba na barin rubutu ya wuce ni, ga wannan. Wata cibiya ce a Funtuwa, a saman bene kusa da layin dogo, suna ba da horo na wata uku a kan tsaron intanet, wato yadda ake kare wayoyi da kwamfutoci daga masu kutse. Ba zan ɓoye miki ba, kafin in kai ƙarshen takardar har na gama tsara labarin a kaina. Na ga kaina a Abuja cikin ofis mai gilashi, da farin mayafi, ina danna kwamfuta har na gano mutumin nan mai murya a natse, aka kawo shi gabana yana kuka. Da na ba maigidan labari sai ya yi dariya har da riƙe ciki, ya tambaye ni a shafi na nawa jarumar take tuƙa tuwo, don shi yunwa yake ji.

Amma ya kai ni. Wadda ta karɓe mu wata malama ce 'yar Malumfashi, Malama Shafa'atu, mace marar kwalliyar magana. Na ba ta labarin wayar Inna. Ta ce ɓarawon bai ɗauki muryar Baba ba, domin a ranar saƙonnin suna nan kwance cikin wayar. Ta ce da na san abin yi, da cikin ɗan lokaci an kwashe su an ajiye, an kuma ƙwato wasap ɗin. Wankewar ce ta tafi da su. Yaya, na fita baranda na tsaya ina kallon tsoffin taragun jirgi.

Da na koma na tambaye ta abin da ke ma kika tambaya daga baya a saƙonki, ko wannan horo yana ba mutum aiki. Ta ce a'a, ba ya bayarwa. Ta ce takardarsu ba digiri ba ce, manyan ofisoshi kuma sai sun nemi wasu jarrabawa da shaidar cewa mutum ya taɓa aikin. Ta ce wata uku na koya wa mutum tushe ne da yadda zai ci gaba da koyo, kuma dole in gyara Turancina, in saba da karanta abin da ba daɗi har ƙarshensa. Ta ba ni lambobin tsofaffin ɗalibansu ta ce in kira da kaina. Wata Maijidda ta ce ta yi kusan shekara tana neman aiki kafin wani ƙaramin asibiti a Zariya ya ɗauke ta kula da kwamfutocinsu, kuma har yanzu karatu take yi. Wani Sadiq ya ce shi dai ya koma shagon mahaifinsa, in zan ji shawararsa in sayi keken ɗinki. Akwai wata Aisha Humaira da ta ƙi ɗauka, daga baya ta turo saƙo cewa ba ta magana da lambar da ba ta sani ba sai an faɗi wanda ya bayar. Na ce wannan kam ta koyi wani abu. Da na yi mata bayani, ita ce ma ta faɗa mini cewa masu shagunan cire kuɗi da dillalan hatsi suna kiranta ta tsare musu wayoyinsu, kuma da haka ta fara.

Don haka ban ce maganarki ba gaskiya ba ce. Na yarda ƙanin Yaya Abdulrahman ya yi irin wannan kwas yana zaune a gida. Na yarda akwai darussa kyauta a intanet. Na gwada su, Yaya. Kwana huɗu na yi, a na biyar na tsinci kaina a tsakiyar wani littafi ban san lokacin da na buɗe shi ba. Na san halina. Ina bukatar aji, da malamar da za ta tsare ni da ido ta ce in maimaita. Abin da ya fi yi mini nauyi a saƙonki shi ne inda muryarki ta karye kika ce kada in sayar da karsanar Baba saboda takarda. Gaskiya ne, ba ni da wata hanyar biyan horon da sayen kwamfuta sai ita karsanar da ya ba ni. Maigidan ya ce in jira baɗi ya yi mini, amma bana ya sa duk ƙarfinsa a gona, kuma ba na so in ɗora masa abin da hannuna ya jawo.

Shi ya sa na je Tsiga ranar Juma'a na faɗa wa Inna komai, har da maganar da Malama Shafa'atu ta yi a kan wankewar. Tana tsince wake tana saurarona. Sannan ta ce Baba bai ba mu shanu don mu riƙa kallonsu ba. Ta tuna mini shekarar da kika samu makarantar koyon jinya, ya sayar da bijimin huɗarsa guda, ya yi damina sukutum yana aron na Kawu Talha, mutane suna cewa ya zauce. Ni ina ƙarama a lokacin, abin da na riƙe kawai shi ne akwatinki mai ruwan ganye da yadda na yi ta kuka a tasha. Bayan haka Inna ta tambaye ni a hankali, ko in na koya zan iya dawo da muryar. Na so in ce in sha Allahu, yadda ake yi a littafi, amma na ce mata ba zan iya ba, ta tafi ke nan. Sai ta ce ba komai, ai ta haddace. Ta gyara zama ta faɗo mini guda ɗaya da irin jan maganarsa: "Hansai, an yi ruwa a gonar fadama har ya kai idon sawu. Ki ce wa 'yar karatun nan ta ajiye littafi ta kwashe shanya." Muka yi dariya, muka yi kuka, waken ma a ranar ba a dafa shi ba. Da zan tafi ta ce sharaɗinta ɗaya ne, duk abin da na koyo in zo in karanta wa matan gida a ƙarƙashin darbejiya, daga farkon shafi, ban da tsallake.

Daga nan na wuce rugar Jibo inda karsanar take. Ta yi ƙiba, jar fatarta tana sheƙi, har yanzu tana da farin tabon nan a goshi da Baba yake shafawa in ya je dubiya. Ta sinsini mayafina. Na tsaya a wurin fiye da yadda ya kamata, Jibo ya yi kamar yana gyara igiya don kada ya kalle ni. Ban ƙara ganin ofis mai gilashi ba, Yaya. Abin da nake gani yanzu ƙarami ne. Wataƙila tebur a gefen kasuwa, wataƙila wani ofis nan kusa bayan shekara biyu ko uku in na ci jarrabawar gaba, wataƙila kuma in zama kamar Sadiq. Na san duk wannan.

Ina roƙonki abu biyu. Duk saƙon muryar Baba da ke wayarki, ko na gaisuwa ne kawai, kada ki goge, kada kuma ki ba mai gyara wayar sai mun yi magana. Sannan duk wanda ya kira ya ce ki karanto masa lambobi, ko ya san sunan kakanmu, ki kashe wayar. Ki gaishe mini da Yaya Abdulrahman da kyau, da Amatullahi, ki ce mata na ajiye mata littattafai biyu da suka dace da shekarunta, da Abdulmutallib sarkin ƙiriniya. Inna tana gaishe ku, Kawu Talha da Gwaggo Tasalla ma haka. Maiwada direba zai kawo miki takardar nan tare da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, ki duba ƙasan buhun akwai gyaɗar gonar Baba.

Ki yafe mini in ranki ya sosu. Na ce wa Jibo ya kai karsanar kasuwa wannan makon. Na rubuta sunana a cibiyar, zan fara ranar Litinin da ƙarfe tara.

Ƙanwarki mai kewarki,
Bushra.