Robar Allon Hasna

Setapak, Kuala Lumpur
16 ga Disamba

Zuwa ga mahaifina, Alhaji Ashafa, Yawuri.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara maka nisan kwana, ya sassauta ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya ƙalau. Surukarka Zulaihatu ta gama koyon ɗinki, har ta fara yi wa matan ɗalibanmu riguna, ni kuma ina nan ina fama da koyarwa a jami'a. Na san Yaya Bello ne zai karanta maka, to ina roƙonsa ya riƙe dariyarsa sai ya kai ƙarshe.

Baba, labarin jikarka Hasna ne. Ka san ta cika sha uku. Tun bara makarantarsu ta kai su Cherating, wani bakin teku mai nisan awa uku da ɗoriya daga nan, ta dawo ba ta da zance sai hawan igiyar ruwa. Da wani allo ake yi, dogo, siriri kamar ƙaramin kwalekwalen da aka daddanne. Mutum ya kwanta a kai ya yi iyo da hannu, in igiya ta taso ya miƙe tsaye ta ɗauko shi zuwa gaɓa. Uwarta ta ɗinka mata rigar ruwa mai rufe jiki har da kallabi, muka samo mata allo na hannu. Matsala ɗaya, duk ta miƙe sai ƙafarta ta baya ta zame, ta faɗa ruwa tinjim. Malamarsu ta ce maganin abin wata roba ce mai kaushi da ake mannawa a wutsiyar allon, ƙafa ta samu abin kamawa. Ga gasar yara saura sati guda.

Da robar ta iso, Hasna ta ce a kai wa masu shago su manna, domin gam ɗin sau ɗaya yake kamawa, in an karkata shi ke nan. Na ce ni zan yi. Ta dube ni cikin ladabi, ta ce ai ni ko tafkin wanka na gidanmu ban taɓa tsoma ƙafa ba. Wallahi maganar ta soke ni. Gaskiya ta faɗa. Tun ranar da jirgi ya kife da ni a kogin Kwara ina ɗan shekara bakwai, ka tsamo ni da hannu ɗaya, ban ƙara shiga ruwa ba, har Yaya Bello ya laƙaba mini Kazar Sarkawa. Shekara talatin da biyar ina jin kunyar kasancewa ɗan masunci mai gudun ruwa, kuma ban so 'yata ta tashi tana ganina haka.

Sai na gaya mata abin da ba ta sani ba: yaron da ya ƙi shiga jirgi, shi ake bari a gaɓa wajen facin jirage. Shekara goma ina riƙe maka tukunyar kwalta. Muka shimfiɗa allon a falo kan tabarma, na kankare tsohon kakin da aka shafa masa don rage santsi da wani mataccen katin banki, na goge, na sake gogewa, ina tuna faɗanka cewa faci ba ya kama wurin da ke da maiƙo ko danshi. Amma fa saura kaɗan na yi aika-aika! Na ɗauko robar zan ɗora a tsakiyar allon, inda mai tuƙi yake zama a jirgi, Hasna ta cafke hannuna ta ce can baya ne, daidai saman 'yan fikafikan da ke ƙasan allon. Zulaihatu tana bakin kicin tana dariya har da riƙe ciki. Na auna da taƙina yadda kake yi, na zana da fensir, na yi bisimilla na ɓare takardar, na danna daga tsakiya zuwa gefe don kada iska ta maƙale. Aka ce a bar shi kwana guda kafin ya taɓa ruwa, sai na jera masa littattafan digirina a kai. Zulaihatu ta ce yau dai ta ga amfaninsu.

Ranar Asabar muka je gasar. Na tsaya nesa a kan yashi da kaftanina da hulata, inda kumfa ba ya kaiwa. Igiyar farko ta wuce ta. Ta biyu ta ɗauko ta, ta miƙe, na ga ƙafar nan ta sauka a kan robar ta zauna daram. Ba ta zame ba. Ta taho a tsaye, kallabinta yana kaɗawa, kuma Baba, tsayuwarka ce sak a bakin jirgi in za ka jefa ragar birgi. Ashe barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ko da gudun ya tsallake ɗa ya faɗa kan jika. Ta zo ta huɗu, amma ni ban ma ji ana sanarwa ba.

Abin da na sani kawai, ina ta kiran sunanta, sai na ji sanyi a jikina. Na duba, ashe ina cikin teku har iya wuya, wayata a aljihu, hulata tana can tana iyo ita kaɗai. Hasna ta iso ta riƙe ni da hannu ɗaya, ta ce, "Abba, kada ka ji tsoro, ina nan." Na yi kuka, ban ɓoye ba. Wayar ta mutu, shi ya sa ka ga takarda.

Ka gaida mini Inna da Gwaggo Raudatu, da Imran da iyalinsa. Hasna ta ce in mun zo hutu za ta shiga jirginka, ka koya mata tuƙi. Ka rage mini wuri a tsakiya, ni ma zan shiga. Yaya Bello kuma, yanzu ka iya yin dariyarka, amma ka nemo mini wani sunan.

Ɗanka mai neman albarkarka kullum,
Mansur